Ranar Yayyafa Ruwa a Gidan Stamatis

Mutumin da ya ba Stamatis irin wiwi ya ja masa kunne sosai: kada ya cika wa tsiron ruwa, kada haske ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, kada ya gaya wa ko ɗan'uwansa. Abin da bai faɗa ba, don shi ɗan birni ne, shi ne a ƙauyen su Stamatis in bikin baftismar Almasihu ya zo a watan Janairu, limamin coci kan bi gida-gida yana yayyafa ruwan albarka. Kuma ba ya tsallake ɗaki.

Stamatis ba mashayi ba ne, manomin zaitun ne da ya haura saba'in. Matarsa Evdokia ce ciwon daji ya kwantar, maganin asibiti ya hana ta ci, ya hana ta barci, aka ce masa ganyen nan na taimakawa. Ya kwashe randunan mai daga ɗakin ajiya, ya rataya fitila, ya jera tukwane, bai gaya mata ba. Tsiron ya kai ƙirji, ya soma fure. In 'yan sanda suka ji, shi za a ɗauke, ita kuwa babu mai juya ta a gado. 'Yarsu tana Jamus.

Ranar bikin da hantsi ya ji waƙar coci a bakin ƙofa. Sai a lokacin ya tuna.

Fada Lambros, limamin cocin, ya shigo da gicciye da damin ɗaɗɗoya a hannu. Bayansa Anestis mai kula da coci, riƙe da bokitin tagulla, yana ta jan majina. Ɗan Anestis ɗan sanda ne a birnin Kalamata, kuma Anestis bai taɓa kwana da magana a cikinsa ba.

"Allah ya maimaita mana, tsoho!" in ji Anestis. "Wannan fuska fa? Ƙwallon zaitun ka haɗiye?"

"Murarka nake gudu. Matsa can."

Aka yayyafa madafa, aka yayyafa falo. A ɗakin kwana Evdokia ta ɗago da ƙyar ta sumbaci gicciye, ruwan ya sauka a goshinta. Stamatis ya yi maza ya nufi ƙofar fita yana godiya.

"Fada, saura ɗakin mai," in ji Evdokia daga kan gado. "Tun kaka ya kulle shi. Duba mini, ko wata ya ajiye a ciki."

Anestis ya fashe da dariya har ruwan ya zuba masa a takalmi. "Wannan? Wa zai kwashe shi?"

"Makullin ya ɓata," in ji Stamatis.

"Wanda ke wuyanka fa, laya ce?"

Hannun Stamatis ya kai ga igiyar da kansa. Fada ya dube shi, ya dubi ƙofar da aka toshe ƙasanta da tsohon bargo.

"Ba a barin ɗaki babu albarka, ɗana. Buɗe. Anestis, tsaya nan da bokitin, wurin babu fili."

Stamatis ya buɗe daidai shigar mutum ɗaya. Fada ya tsoma ɗaɗɗoyar, ya shiga, ya ja ƙofa. Waƙarsa ta yanke. Anestis ya miƙa wuya, Stamatis ya tare da kafaɗa.

"Me ke ƙara a ciki? Kamar fanka."

"Firij ne."

"A wannan sanyin?"

Waƙar ta dawo, a hankali. Fada ya fito gemunsa da gumi, ya murɗa makullin da hannunsa.

"Babu mace, Evdokia," ya ce da ƙarfi. "Anestis, yi gaba gidan maƙwabciya Marigo, ka ce ta ɗaure karenta."

Anestis ya fita yana waiwaye. Fada ya rage murya.

"Don ita ne?"

"Don ita ne, Fada."

"Ni ban ga komai ba, amma tun daga rijiyar bakin hanya na ji warin. Mura ce ta toshe wa Anestis hanci yau, kuma mura ba ta daɗewa. Ranar Lahadi zai kawo wa matarka gurasar coci."

"Ganyen bai nuna ba. Saura kaɗan ya nuna."

"To, ka zaɓa. Ta same shi ɗanye kana gefenta, ko ya nuna kana tsare a Kalamata."

Bayan sun tafi, Stamatis ya daɗe tsaye a tsakar gida yana shaƙar iska. Shi hancinsa ya saba, bai ji komai ba. Evdokia ta kira shi ya zo ya gyara mata matashi. Ya gyara, sannan ya ɗauko almakashin yankan reshe ya shiga ɗakin, ya kashe fitilar.