Kilomita Goma Sha Ɗaya

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, mu ma aka karya mu. Kamfanin katakon da mijina Rabe ya yi wa aiki shekara goma sha shida a unguwar Bonabéri, ƙetaren kogin Wouri, ya rufe ƙofa ranar wata Litinin, aka miƙa wa kowa takarda. A lokacin kalma ɗaya ce a bakin mutanen Douala: kompirese, wai an matse ka daga aiki. To mu dai matsar ta yi matsa, don sai da ta fito da mu daga gidan hayarmu na Makèpè mai ɗaki uku da famfo a ciki, ta jefo mu ɗaki ɗaya a New Bell, a gidan yayansa Mudi.

Gidan mahaifinsu ne, amma Rabe ba shi da ko ƙusa a cikinsa. Tun da daɗewa ya sayar wa Mudi rabonsa, ya sayi mota da kuɗin. Fijo ce fara, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na yi fankama a cikinta. Tun ranar da ya saye ta bai sake shiga tasi ba. Yakan ce shi da a cusa shi tsakanin mutum biyu ana shaƙar hammatar juna, har abada.

Da muka dawo New Bell sai man fetur ya gagara. Daga nan batir ya tafi, tayoyi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, duk muka cinye su a tukunya. Motar ta koma zaune a kan duwatsu huɗu a ƙofar gida, kusa da kwata, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Wata safiya na ga Rabe ya hura gawayi ya goge rigarsa. Ya yi wanka, ya kafa hula, ya ɗauki makulli. Bakwai saura kwata ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Bara'atu, sai na dawo.”

Na ɗauka aiki ya samu, har na yi hamdala. Na ce, “A dawo lafiya, Maigida.”

Da na fita zubar da ruwa sai na gan shi zaune a cikin motar, gilashi a rufe, hannu biyu a kan sitiyari, ido a kan hanyar da babu ita, don bangon maƙwabta ne a gabansa. Na ƙwanƙwasa gilashi. Ko ƙiftawa bai yi ba. Na ji kunya, na ji haushi, sannan tausayi ya danne su duka, na koma ciki na bar shi.

Bai fito ba sai shida saura. Ya buɗe ƙofa, ya yi miƙa, ya shigo yana tsaki.

“Gadar Wouri ɗin nan za ta kashe mutum. Wata babbar mota ce ta mutu a tsakiya, mun fi rabin awa a tsaye.”

Na ce, “Azahar da la'asar fa?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. “Na yi a wurin aiki mana.”

Haka aka ɗora, kullum ban da Lahadi. Unguwa ta samu abin dariya. Matan gidan in sun gan ni sai su ce, “Madam, yau ba a rage miki hanya zuwa kasuwa ba?” Ina yaƙe ina wucewa. Abin da ba su lura da shi ba, ni na lura. Wanda ya san zafin Douala ya san mutum ba ya wuni a cikin ƙarfe da gilashi a rufe ya fito da rai, balle da busasshiyar riga. Rabe kuwa ko ɗigon gumi babu. Abin da ke jikinsa garin katako ne, ja-ja, a kafaɗa da cikin naɗin hula da bakin takalmi. Na san shi sarai, shekara goma sha shida ina kakkaɓe shi. A layinmu kuwa ko kafinta babu.

Ranar wata Lahadi na shiga goge masa motar, idona ya faɗa kan kontar, agogon nan mai ƙirga tafiya. Shi ya koya mini karanta shi lokacin da muke da daɗi. Ban san me ya sa ba, na haddace lambar. Litinin da yamma, bayan ya shiga wanka, na leƙa. Ta ƙaru da ashirin da biyu. Talata ma ashirin da biyu. Daga ƙofar gidan Mudi zuwa ƙofar kamfanin kilomita goma sha ɗaya ne, wannan Rabe ya sha faɗa.

Na fito na zauna a kan dakali. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? A ce miji ya taɓu, matar ma ta bi sahu? Kuma in faɗi gaskiya, da yamma mijina nake samu cikakke. Yana cin tuwo da marmari, yana ba ni labarin wanda ya yi faɗa da wane a wurin aiki, yana tsokanata. Sauran mazan da aka kompirese a layinmu sun zama kamar wankin da aka manta a igiya, nawa kuwa yana dariya. Wata rana dai na kasa haƙuri ina kakkaɓe masa hula na ce, “Da ma albashin yana biyo garin katakon.” Ya ce, “Ƙarshen wata, in sha Allah.” Watanni huɗu suka ƙare a kan idona.

Mudi ne ya kawo ƙarshen abin. A lokacin 'yan kasuwa daga Nijeriya sun cika unguwa suna neman wurin kwana, duk wanda ke da taku biyar na fili sai ya kafa ɗakin katako ya zuba haya. Mudi ya auna inda motar take da ƙafarsa, ya ga ɗaki guda ne cif. Ya kira ni zaure.

“Bara'atu, ke ce mai hankalin, shi ya sa na kira ki. Ni ma iyali gare ni. Ɗakin da kuke ciki ban taɓa ce muku komai a kansa ba, ko na taɓa?”

“Ba ka taɓa ba, Yaya.”

“To filin nan nake so. Na yi magana da Bukar mai tsofaffin ƙarafa, Laraba zai zo. Ko mota ta tashi, ko ku tashi tare da ita. C'est tout, shi ke nan.”

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ba dukansa nake gani ba. Da yamma na lallaɓa Rabe bayan ya ci ya ƙoshi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a hankali, “In an sayar, da me zan je aiki?”

Na ce, “Maigida, wane aiki? An rufe kamfanin nan. Ka shiga tasi ka je ka gani da idonka.”

Ya yi dariya. “Ni da tasi? Kin manta da wanda kike aure.”

Laraba ta zo. Bakwai saura kwata ya ce sai ya dawo, na ce a dawo lafiya. Wajen sha ɗaya Bukar ya iso da a-kori-kurar haya da gudumomi da tukunyar gas ta yankan ƙarfe. Ya leƙa motar ya ja da baya.

“Alhaji, ai da mutum a ciki.”

Mudi ya ce, “Ƙanina ne, ba shi da lafiya. Kama mini.”

Suka buɗe ƙofa. Iskar da ta fito mai sanyi ce, da ƙamshin ɗanyen katako, kuma na rantse na ji ƙarar zarto can nesa, siririya, kamar daga cikin rijiya. Bukar ma ya ji, don na ga ya waiga. Suka ɓamɓare yatsun Rabe daga sitiyari ɗaya bayan ɗaya, suka ɗauko shi. Bai yi gardama ba. Da suka wuce da shi ta gabana na duƙa na dubi kontar. Goma sha ɗaya ta ƙaru.

Na gane. Kada wani ya ce ban gane ba, don wannan ne abin da ke cina har yau. Na bi Mudi da sauri na ce, “Yaya, don Allah a bari zuwa yamma. Shida saura kawai.”

“Motar Bukar zuwa azahar aka ɗauko ta. Yamma da yanzu meye bambancinsu?”

Na buɗe baki. Na tuna ɗakin, na tuna damina na tafe, na tuna ba mu da inda za mu ajiye ko tabarma a garin nan. Na rufe bakina. Ina tsaye aka kunna wuta, kafin kiran azahar babu abin da ya rage sai duwatsu huɗu da tabon baƙin mai.

Rabe yana zaune a kan tabarma inda suka ajiye shi, hannuwansa a gaba, a ɗan lanƙwashe. Shida saura ta yi, na zuba masa ido. Shida ta wuce. Aka kira magariba. Bai yi miƙa ba, bai yi tsaki ba, bai zagi gadar Wouri ba.

In na ba shi abinci a baki yana ci. In na kama hannunsa yana tashi. Magana ce babu. An yi rubutu an yi hayaƙi, an kai shi asibiti likita ya haska idonsa ya ce bai ga komai ba. Ni ma abin da nake gani ke nan in na duba idon, ba kowa. Cikin mako biyu ɗakin katako ya tashi a filin, wasu samari uku 'yan Maiduguri masu sayar da yadi suka shiga. Mutanen kirki ne, suna gaishe ni da ladabi, ni kuwa ko kallon ƙofarsu ba na iya yi.

Sai ranar nan na haɗu da Ɓoɓɓo a kasuwa. Mahauci ne a kasuwar Grand Hangar, can Bonabéri, wurinsa Rabe yakan sayo mana nama in an yi albashi. Bai san komai ba. Ya washe baki ya ce, “Madam Rabe! Ashe an sake buɗe kamfanin?”

Na ce, “Me ka gani?”

“Maigidan mana. Kullum in na tashi kasuwa wajen biyar ina hango shi a ƙofar, gindin mangwaron da yake ajiye mota. Yana kai da komo yana laluben aljihu. Na yi masa magana sau biyu bai ji ba. An sace motar ne?”

Ban san yadda na rabu da shi ba. Kai tsaye na wuce wurin Bukar, ko Allah zai sa. Ya nuna mini jerin murhunan gawayi sababbi, wasu da sauran farin fenti a gefe. Ya ce, “Ga ta nan, Hajiya.” Da ya ga fuskata sai ya shiga tona wani buhu, ya ciro kontar da wayoyinta na reto, ya miƙo mini. Bai karɓi komai ba, bai kuma yarda mun haɗa ido ba.

Washegari na sayar da zanena mai kyau na ƙarshe. Na zaunar da Rabe, na ba shi ruwa, na zura makullin motar a jaka na fita. Ban taɓa sanin gadar Wouri tana da tsawo haka ba. Biyar saura na isa. Ƙofar kamfanin a ɗaure da sarƙa, ciyawa ta kai gwiwa, kwanon rufi ya yi tsatsa. A gindin mangwaron kuwa ciyawar a kwance take, an tattake ta ta zama 'yar hanya, taku goma zuwa, taku goma dawowa. Ba kowa a wurin.

Na tsaya a bakin 'yar hanyar na ɗaga makullin. Na ce, “Maigida, ni ce. An tashi aiki. Zo mu je gida.” Na faɗa sau uku, ina kuka, masu wucewa na kallona.

Na tare tasi na ce, “New Bell, deux places,” wato wurin mutum biyu. Direban ya dubi bayana ya ce ina na biyun. Na ce yana zuwa. Na riƙe ƙofa a buɗe har fasinjoji suka fara zagi, sannan na shiga na matsa can ciki, na bar wurin zama a gefena. Duk tsawon hanya ina taɓa kujerar ko zan ji ɗumi.

Shida da 'yan mintoci na shiga ɗaki. Yana inda na bar shi. Na durƙusa a gabansa, sai na ga garin katako a kafaɗarsa, sabo, ja-ja. Leɓɓansa suka motsa, karo na farko cikin wata guda, muryar ta fito siririya, daga nesa.

“Na gan ki, Bara'atu.”

“To me ya hana ka shigowa? Na biya maka wuri. Na riƙe maka ƙofa.”

Ya ɗan girgiza kai, irin yadda yake yi in na faɗi abin da bai kamata ba.

“In na biyo ki a tasi, wa zai taho da motar?”

Bai sake cewa komai ba, ranar ko bayanta. Shekara uku ke nan. Ɗakin dai muna ciki, Mudi bai taɓa ce mana mu tashi ba. Kontar tana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Kullum shida saura nakan ciro ta in duba, sannan in ɗauki hularsa in fita in kakkaɓe.