Bahon Sambo Mai Liƙi

Wuƙar na cikin garwashi lokacin da Altine maƙwabciya ta leƙo ta saman katanga.

"Rabi, mi kike yi da wuta? Maigidanki na kwance, masu wanka na zaure suna jira!"

Rabi ba ta ɗaga kai ba. Sambo mai liƙin roba ya cika da hantsi, bayan kwana tara yana tari. Shekara talatin yana liƙe bokitai da butocin mutanen Jega Magaji, amma duk unguwa ta san bahon gidansa tsagagge ne tun damina biyu. Kullum sai gobe. Jiya kuwa, da ɗan sauran numfashinsa, ya ce mata kada a wanke shi da bahon aro. Girman kai har bakin kushewa, Allah shi jiƙan shi.

"Ga nawa sabo hul, in miƙo?"

"Ya ce a'a."

"To yanzu ina zai sani?"

"Ni na sani."

Ba ta taɓa riƙe wuƙar liƙin nan ba, ji kawai takan yi yana yi wa masu kawo gyara surutu. Robar jarka ita kaɗai ta cika tauri, sai an haɗa ta da yankin tsohuwar buta mai laushi. Wuta ta yi yawa, su ƙone. Ta yi kaɗan, su ƙi kama juna.

Liƙin farko ya ƙone. Baƙin hayaƙi ya tashi, tsagar bahon ta ƙara buɗewa. Daga zaure liman ya yi gyaran murya.

"A yi haƙuri, rana na yi."

Rabi ta dubi yatsanta, ya tashi ya yi ruwa. Ba ta ji komai ba. Ta bar wuƙar ta ɗan huce, ta narka biyun tare, ta shafe tsagar a hankali.

"Altine, zagayo ki danne da ɗan dutsen niƙa. Kar ki ɗaga sai ya huce."

"Ni da ciwon bayan ga?"

Amma ta zo ta hau da duk nauyinta. Altine kuwa, ba don gulma ba, ba ƙaramar mace ba ce.

Da ya huce, suka cika bahon da ruwa. Rabi ta zura hannu ƙarƙashinsa ta shafa. Busasshe.

Maza biyu suka yi sallama, suka ɗauke shi zuwa ɗaki. Ta zauna kan tabarma tana kallon inda ya tashi: zagayen gindinsa a kan ƙasa, wata kaza na tona a gefe.