Balarabe ko Abdulrahaman

Amalanken bai gama tsayawa ba Balarabe ya zamo ƙasa, ya dafa danga, ya zauna a ƙofata. Ƙafafunsa ba za su kai shi tasa ƙofar ba, ga shi kuwa zana ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Na ajiye taɓarya na kawo mashi ruwa. Bai karɓa ba sai da ya zura hannu cikin riga ya taɓa ledar takardunsa, ya ji tana nan.

"Yaya Dija, sun ce ba ni ba ne."

"Ba kai ba ne wa?"

"Wai mu biyu ne. Wai in kawo ɗayan."

Na ɗauka rana ce ta taɓa mashi kai. Ashe da hankalinsa.

Bari in faɗa maku yadda abin yake. Gonar gado ta su Balarabe an raba ta an sake rabawa, abin da ya samu bai fi wurin shanya ba. Abin da ke ciyar da shi da matarsa Habsatu da ƴaƴansu ƙanana shi ne wani yanki a bakin gandun dajin gwamnati da ke gabas da garinmu. Shekara da shekaru yana noma shi da sanin masu gadin dajin, bisa sharaɗin duk ɗan itacen da ya tsiro ya bar shi, ya gyara shi. Ya kuwa bari. Ku je ku ga gawo da kalgo da aduwa a wurin da da ba ko inuwar akuya.

Bana aka yi shela cewa baki ya daina aiki. Duk mai noma a gandu sai ya riƙe takarda mai kashe, wato hatimin hukuma, kafin shuka, in ba haka ba a ba wani wurin. Balarabe mutum ne mai tsoron hukuma. Tun da sanyi ya fara sintiri. Aka ce ya kawo wasiƙar mai gari, ya kawo. Aka ce foto, ya je Agiye ran kasuwa ya yi. Aka ce foton ya yi duhu, ya sake. Aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Ya dawo aka ce kashen meri, ofishin magajin gari, ya rage. Igiyoyin kaba da yake tufkawa ya kai kasuwar Gangara, duk a hanya suka ƙare. Har akuyar Habsatu ta bi su.

Sai ranar nan da ya zube a ƙofata aka gano abin da ba a gano ba duk tsawon rani. Wasiƙar mai gari ta ce Balarabe Garba. Katinsa na ɗan ƙasa ya ce Abdulrahaman Garba.

To, wane ne a ƙasar nan bai san wannan ba? Sunan kakansa aka yanka mashi, uwarsa ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, ran Laraba aka haife shi, ta ce Balarabe, gari ya ɗauka. Habsatu kanta sau ɗaya ta taɓa jin Abdulrahaman ɗin, bakin wata gwaggonta da ta jiyo ran ɗaurin aure. Mai gari ya rubuta sunan da ya sani. Masu kati sun rubuta sunan yanka. Ba wanda ya yi ƙarya. Amma aka ce sai ya kawo takardar da ta shaida mutum ɗaya ne, ita kuma ba ta samuwa sai da wanda ya ga haihuwarsa.

Duk waɗanda suka ci tuwon sunansa suna cikin kushewa, ni kaɗai na rage. Na ce mu tafi.

Bazara ta kankama a lokacin. Muka zauna a gindin itacen bedi gaban buron, wato ofishin masu gandu, tun hantsi, yana tari yana rufe baki da hular da ya cire. Da aka kira mu, na tarar da wani saurayi mai tsafta bayan tebur. Ya gaishe ni da ladabi, wannan ba zan hana mashi ba. Na ce mashi mutumin nan ɗaya ne, ni na goya shi, fitsarinsa ya jiƙa mani baya ina yarinya. Ya yi murmushi ya ce in ba shi katina. Ya duba nawa, ya duba nasa, ya daɗe yana dubawa.

"Inna, a nan an rubuta ya girme ki."

"Wa ya girme ni?"

"Takarda ce ta faɗa. Ba ki iya shaidar haihuwar wanda ya riga ki zuwa duniya."

Katin nan nawa lokacin wani zaɓe aka yi shi. Wani ya kalli fuskata ya rubuta shekarar da ta yi mashi daɗi, ni kuwa ban yi lakol ba, ban san boko ba, balle in ce ya gyara. Na faɗa wa saurayin haka. Na ce ya buɗe ido ya dubi bakina ya ƙirga haƙoran da suka rage, ya dubi na Balarabe. Ya ce shi ya yarda da ni, amma dosiye, wato tarin takardun, ba ya jin magana. Ya ce in fara gyara nawa katin tukuna. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Balarabe yana jan gefen zanena yana cewa in yi haƙuri kar in ɓata mashi lamari.

Daga wannan tafiyar bai ƙara tashi sosai ba. Likita ya ce ƙirji ne, ya ba da magani, ya ce a bar shi ya huta. Ina hutu? Yana kwance yana aika wa mai gari a sake wasiƙa da ɗayan sunan, mai gari ya sake, aka kai.

Ruwan farko ya sauka ran wata Asabar da la'asar. Washegari gari ya watse, ba ka jin komai sai ƙarar sungumi daga nesa. Na shiga na same shi ya jingina da bango, ya sa an buɗe mashi ƙyaure yana shaƙar ƙamshin ƙasa. Na ce ya bari in tara mutane mu shuka mashi wurin, takarda ta same mu a can. Ya girgiza kai.

"In aka shuka ba takarda, sun samu hujja. Su karɓe, yaran nan su ci me?"

"Yanzu me suke ci?"

Can ya ce in duba ledar tana ƙarƙashin matashi, kar ɗigon ruwa ya same ta.

Ya cika da hantsi, geron mutane ya fara fitowa. Habsatu na riƙe da kansa. Ba wata magana ta ƙarshe, tari ne, sai ya daina. Da liman zai yi addu'a a bakin kabari ya kira Abdulrahaman, aka ce wasu samari sun waiwaya suna tambayar juna wa ake nufi.

Ba a yi sadakar bakwai ba saƙo ya iso ta hannun mai gari: dosiye ya cika, mai shi ya zo ya dangwala yatsa.

Ni na je. Na ajiye ledar a kan teburin na ce ga mai shi, abin da ya rage kenan. Saurayin ya yi mani ta'aziyya, idonsa a ƙasa. Ya ce dosiyen mamaci rufe shi ake yi. In matarsa na son wurin, ta fara nata daga farko, ta zo da ƙafarta, da foto, da takardar mutuwa. Na tambaye shi takardar mutuwar wanne daga cikinsu, Balarabe ko Abdulrahaman? Na ce Habsatu na cikin takaba, ba za ta taka mota ba sai gero ya kai rumbu, shin shi uwarsa ba ta da addini ne? Ya ce akwai masu jira da takardunsu cikakku, ba zai iya riƙe wurin ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma zan yi ta faɗa har a ji. A rubuta sunan Habsatu a wurin nan. Ku masu buro, kuna da mota, kuna da tawadar yatsa. Ku ɗauko ku zo gidanta, ta miƙo hannu ta bayan labule ta dangwala. Mijinta ya zo maku har ƙafarsa ta ƙare, ku zo mata sau ɗaya.

Ban jira su ba. Da na dawo na leƙa ta kan zana na ce wa Habsatu ta fito da irin da ya ajiye. Ta ce tana tsoro. Na ce ba ita za ta shuka ba, ni ce, in kamu ne su kama wadda takardarsu ta ce yarinya ce. Ta shiga ta daɗe, sannan ta miƙo mani ƙwarya cike da gero.

Na yi latti, na sani. Na maƙwabta ya kai idon sawu. Na sara, na zuba, na taka da dunduniya, ina hutawa a inuwar itatuwansa in bayana ya ƙi. Wani mai gadi ya wuce a kan babur, ya rage gudu, ya dube ni, na dube shi, ya wuce.

Da yamma na miƙa mata ƙwaryar ta kan zana. Ta karɓa. Ta kifa ta a tafin hannu ta buga, ƴan tsabar da suka maƙale suka faɗo, ta ƙulle su a bakin mayafinta.