Ƙafar Baba Gide

Wallahi da Mansura ta san abin da farfesun nan zai ja, da a kwata ta zubar da shi.

Mahaifinta, Baba Gide, tsohon mahauci ne a wani ƙauye bayan Pauwa. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jajir, ko bakin zani ya shafi wurin sai ya yi salati. Da ta kai shi asibiti Ƙanƙara, likita ya ce wani gishiri ne da nama ke tarawa a jini, ya daskare a gaɓa kamar garin kwalba.

"Ya bar hanta da ƙoda da lemon kwalba," in ji likita. "Ya yawaita ruwa da ganye da nono."

Mahauci, a hana shi nama! Wata biyu ta riƙe dokar, kumburi ya saɓe, har yana takawa masallaci. Amma tsoho ya rame, maƙwabta kuma ba su raga mata ba. "Haba Mansura, mutumin da ya ciyar da gari nama, ki riƙe shi da zogale kamar akuya?" Maganar ta ci mata rai, ta ji kunya ƙwarai.

Ranar kasuwa mahauta suka aiko da kason da suke ware wa dattijansu, hanta ce da ƙoda. Ta dafa masa farfesu. Kwana uku yana ci yana sa mata albarka.

Rana ta huɗu ciwon ya tashi, har gwiwa. Da hantsi aka ji ƙarar baburan 'yan bindiga ta wajen daji, sai harbi. Gari ya watse, kowa ya nufi gonakin dawa.

Da goyo a bayanta, ta cicciɓi tsohon. Taku uku ta yi, ya yi ƙara, suka zube tare.

"Aje ni, ɗiyata."

"Baba, ni na ja maka!"

"Ke kika dafa, ni na ci. Tafi da yarinyar nan, ban yafe ba in kika tsaya."

Ta ja shi ƙarƙashin rumbu, ta rufa masa zana, ta ruga tana kuka. Sai da ta kai kan tudu ta waiwaya, ta ga rumbuna 'yan bindigar suka fara cinna wa wuta.