Murfin Tanki

Shekara goma sha ɗaya makullin rijiyar burtsatsen coci yana hannun Baba Habila, kuma mutumin nan ya fi kula da shi a kan haƙoransa, waɗanda dama saura kaɗan. Cocin ƙarami ne, can bayan Ƙofar Marusa, maƙwabtansa duk Musulmi. Tun da aka fito da kan famfo ɗaya ta bayan katanga, a nan unguwar ke ɗibar ruwa. Ranar da aka damƙa masa aikin, a gaban jama'a ya durƙusa ya ce Ubangiji zai yi wa, ba mutum ba.

Ran Alhamis da safe ya ji ruwan yana ɗan wari. Ya rufe famfo, ya jingina tsani ya hau tanki, sai ya tarar da murfi a gefe. Ɓeraye biyu ne a ciki, sun kumbura. Nan take ya gane laifinsa ne, don shi ya wanke tankin ran Litinin ya manta bai rufe ba, shi ne kuma ya zuba maganin ɓera a ɗakin ajiya. Ɓeran da ya ci magani kuwa ruwa yake nema.

Ga shi yau ake suna a gidan Malam Muttaka tela, maƙwabcinsu. Da idonsa ya ga an tura kura biyu cike da jarkokin ruwan famfon nan zuwa can, na dama kunu da na shan mai jego.

Tsoro ya kama shi sosai. Ba wanda ya gan shi, yana iya tsamo su ya mayar da murfi ya ja bakinsa. In kuwa ya faɗa, ya san garin nan, kafin azahar magana ta kai har unguwar Gobarau cewa Kirista ya zuba guba a ruwa, kuma masu zuwa a fusace ba su tambayar yadda aka yi. Ya dubi ƙofar cocin, ta katako ce. Sai kuma ya tuna jariri ɗan kwana bakwai.

"Ya Yesu, riƙe mini ƙafafun nan," ya ce, ya sauko.

A ƙofar gidan Malam Muttaka ya tarar da maza na zaune a kan tabarmi ana raba goro. Habila, wanda gaisuwarsa kan gajiyar da mutum, yau ko barka bai yi ba.

"Malam Muttaka, kada kowa ya sha ruwan ga. Ɓerayen da suka ci magani sun mutu cikin tanki. Ni na bar shi buɗe, laifina ne."

Wani ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali, wani daga baya ya ce, "Mi ya ce?" Malam Muttaka ya tashi ya shige gida da sauri. Ba a jima ba kunu ya fara malalowa ta magudana, aka fito da mai jego aka sa a Keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Ba wanda ya taɓa Habila, ba kuma wanda ya ce masa ya zauna.

Yini ya yi yana wanke tanki, kunnensa na titi. Labari ya zo da yamma cewa mai jego lafiya lau, amma hankalinsa bai kwanta ba.

Washegari ya tsaya bakin famfo da makulli a hannu. Rana ta fito, ko jarka ɗaya babu. Can sai ga Hajiya Safara'u, mahaifiyar Muttaka, wadda rabonta da ɗibar ruwa an manta, tana jan ƙafa da bokiti.

"Habila, kunun tiya uku ka sa na zubar," ta ce, tana harararsa.

"A gafarce ni, Hajiya."

"Da ka yi shiru, wa zai sani?" Ta tura bokitin ƙarƙashin famfo. "Buɗe mini, ƙafata ba ta son tsayuwa."