Dutse Mai Tsage a Ka

Ranar Talata ce, an wuni ana yayyafi, kuma ruwa ya cinye gadar babban titi. Ni ke tuƙa a-kori-kurar Kawu, cike da lemo. A gefena ɗan gwaggona ne, wanda muke kira Taswira, domin ko hoton wane gandun daji aka nuna masa a waya, daga duwatsu da itatuwa zai faɗi sunansa, alhali bai taɓa shiga ko ɗaya ba.

Da muka hango wani jan dutse mai tsage a ka, ya ce ai ƙaramin gandun tsuntsaye ne, babu komai sai barewa da zabi, mu ratsa ta ciki. Na ce masa in ya yi ƙarya a bodi zai ƙarasa tafiyar. Ya ce in ji da sitiyarina.

Mun yi nisa na fara ganin kukoki a saɓe, an ɗaye ɓawonsu. Taswira ya ce masu tufka igiya ne. Na yarda, har sai da na lura ɗayewar ta wuce tsayin mutum biyu. Gaba kaɗan ga kashi tuli guda a tsakiyar hanya, yana tururi a cikin yayyafi.

"Ɗan gwaggo, barewar nan taka me take ci?"

Ya ciro waya ya buɗe hoton gandun tsuntsayen. Yana ta jan hoton da yatsa. Can ya ce a hoton akwai tafki a gindin dutsen. Na duba. Babu tafki, sai dogayen ciyayi, kuma ciyayin suna motsi.

Giwa ce ta fito, da ɗanta a baya. Na kashe mota. Ta zo ta tsaya daidai tagata, ina jin numfashinta, ina ganin gashin idonta. Ta miƙa hanci ta yage tamfol ɗin da ya rufe lemon kamar takarda. Ƙamshin lemon ne ya kawo ta. Duk lokacin da ta jingina, motar sai ta ɗaga ta gefe ɗaya, ƙarfe na kuka.

Taswira ya kama hannun ƙofa. Na danƙe wuyan rigarsa.

"Ka fita ta taka ka. Zauna."

Muka zauna, ba mai haɗiye yawu da ƙarfi. Wasu giwayen suka fito, muka daina ƙirgawa. Haure ya taɓa gilashin gaba, ya tsage daga sama har ƙasa. Sai da bodin ya zama wayam suka juya cikin ciyayi.

Da baya na fita daga dajin, don ban yarda in tsaya juyawa ba.

Abin da muka rasa: lemo duka, tamfol, gilashin gaba, madubin hagu, da makullin mota da Kawu ya karɓe a hannuna. Taswira kuma ya rasa sunansa, don har yau ban iya kiransa da shi ba.