Wa Ya Jiƙa Vilma?

Vilma ta ɗaga labulen tagar kicin da ɗan yatsa, daidai lokacin da ihun maƙwabciyarta Gizela ya cika layin. Samari ne suka ritsa ta a bakin ƙofa, biyu suka riƙe mata hannuwa, ɗaya ya juye mata bokitin ruwan rafi tun daga ka har silifa. Gizela tana tsalle tana zaginsu, amma duk wanda ya san ta ya san ihun nan ba na wahala ba ne. So take har 'yan layin coci su ji cewa an zo mata.

"Tsohuwa da ke, ba kunya," in ji Vilma. Ta saki labulen. Can kuma ta sake ɗagawa.

Litinin ɗin Ista ce, ranar da maza ke bi gida-gida suna jiƙa mata don su shekara da lafiya, matan kuma su sallame su da dafaffen ƙwai da ɗan kofin giyar slivovica mai ƙona maƙogwaro. Ƙararrawar coci na buga sha biyun rana, an tashi wasa. Macen da ta kai lokacin a bushe, ba mai ce mata komai a gabanta. A kanti ake cewa, washegari, wajen layin burodi.

Vilma ba ta taɓa kaiwa ko hantsi a bushe ba. Mijinta Lojzo a kan gado yake samunta, ya jiƙa ta har da katifa, ta bi shi da tsintsiya tana ce masa jakin dutse, yana dariya har ya kama tari. Haka suka yi tun aurensu, har kakar bara da aka kai shi makwancinsa a bayan coci. 'Ya'yansu maza kuwa, ɗaya yana jan babbar mota a Jamus, ɗaya yana birnin Bratislava. Ƙaramin ya kira da safe ya ce, "Mama, na jiƙa ki ta waya."

"Na gode," ta ce masa. "Ka ci ƙwanka ta waya."

Duk da haka tun asuba ta rina ƙwai da ɓawon albasa, ta yanka kyafaffen nama, ta jera kofuna. Ta naɗe kafet ɗin zaure don kada ya jiƙe. Baƙar rigar makoki ma ta ajiye ta, ta sa tsohuwar shuɗiya mai saurin bushewa.

Samarin suka fito daga gidan Gizela suna goge baki, suka tsaya a ƙofar shingen Vilma. Ta yaye labule. Ta banko taga.

"Ku kuskura ku shigo min da ruwan nan, ku ga yadda zan yi da ku!"

To, wannan maganar kowace mace a kwarin nan tana faɗinta, kuma ko yaron goye ya san ma'anarta ita ce ƙofa a buɗe take. Amma sai Rasto, jikan Gizela, ya cire hula ya ɓoye bokitin a bayansa.

"Wa ya isa, Gwaggo Vilma? Kaka ta ja mana kunne, ta ce kina cikin makoki, kada mu dame ki. Gaisuwa kawai muka tsaya yi. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya," in ji Vilma, murya ƙasa-ƙasa.

Suka wuce gidan gaba. Ba a jima ba ihun wata ya tashi.

Haka safiyar ta tafi. Ma'aikatan injin katako suka wuce suna ɗaga mata hannu cikin ladabi. Mai gidan waya, wanda ya daina ɗaukar bokiti ya koma fesa wa mata turare mai warin maganin sauro, shi ma ya sunkuyar da kai ya tsallake ƙofarta. Gari guda ya haɗu yana girmama ta, ita kuwa kamar ta yi kuka.

Gizela ta fito tana shanya a igiyar da ke kallon titi, don a nan ake shanyar ranar, kowa ya ga yawan rigunan da aka jiƙa.

"Maƙwabciya, ke kam kin huta bana," ta ce ta saman shinge. "Ni kayan sawa ma sun ƙare min. Yaran nan za su kashe ni da sanyi."

"Ai ga alama, kina ta mutuwa tun safe."

Gizela ta yi dariya. Ko da zuciya ɗaya ta hana samarin, ko da biyu, wannan sai ita da Mahaliccinta.

Da rana ta kusa tsakiya, Vilma ta dubi teburin da ba wanda ya taɓa, ta dubi igiyarta wayam. Ta zagaya bayan gida inda rumfar itace ke kare ta, ta tara bokiti a famfo. Ruwan daga kan duwatsu yake gangarowa, inda dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Ta rufe ido ta juye wa kanta.

Sanyin ya ɗauke mata numfashi. Ta tsaya tana jira, ba ta ma san me take jira ba, sai da ta gane dariyar nan mai ƙarewa da tari ce. Kaji kawai ke kallonta. Ta share fuska, ta tattaro murya ta ƙwala, don amfanin kunnen Gizela: "Wayyo! Ɗan banza, ka kashe ni!"

Ta zagayo gaban gida tana matse gashi, sai ta yi turus.

Vendel ne a ƙofar shinge, abokin Lojzo tun suna samari, wanda suke yawon Ista tare. Gidansa can ƙasa yake wajen gada, kuma tun da aka yi masa aiki a ƙugu bai ƙara hawo tudun nan ba. Sanda a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya. Ƙafar wandonsa ta dama ta jiƙe sharkaf, don rabin ruwan a hanya ya zube.

Ya dube ta sama da ƙasa yana haki.

"Ashe an riga ni."

Kan Gizela ya ɓullo ta saman shinge. "Wa ya zo, maƙwabciya? Ban ga shigar kowa ba."

"Ta baya ya shigo," in ji Vilma. "Ba ki san shi ba."

"A garin nan?" in ji Gizela.

Vendel ya gyaɗa kai. "To madalla. Ni dai cewa na yi kada matar Lojzo ta shekara a bushe. Daga rafi na ɗebo, kin san Lojzo, ya ce ruwan famfo ba ya kama jiki." Ya juya a hankali ya nufi bishiyar bakin shinge zai zuba mata sauran.

Vilma ta dubi wandon nan. Ta dubi sandar da ya hawo tudun da ita.

"Tsaya nan, gurgun banza. Wa ya ce ka shayar min da bishiya? Kada ka motsa."

Ta shige ciki da gudun da ta manta tana da shi. A kabad baƙaƙen riguna ne jere, sai ta zuwa coci mai furanni, wadda ba ta sa ba tun ranar da Lojzo ya kwanta. Ita ta zura. Ta goge gashi da tawul sama-sama, ta fito ta tsaya a tsakiyar ƙofa, ta riƙe ƙugu.

"Vendel, ka kuskura ka zuba min ruwan nan, ka ga yadda zan yi da kai!"

Shi kam tsoho ne, ya san yaren. Ya jingine sandarsa, ya ɗaga bokitin da hannu biyu, ya watsa. Abin da ya rage a ciki bai fi ya jiƙa mata kafaɗa da gaban riga ba, amma ihun da Vilma ta yi sai da karnukan wajen gada suka amsa. Vendel ya yi dariya har ya dafa shinge. Ƙararrawar coci ta fara bugawa.

"Shigo ka ci ƙwai, jakin dutse," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Ke ma, Gizela, zo, kafin wuyanki ya karye a shingen nan."

Da yamma riguna biyu ne a igiyar Vilma, shuɗiya da mai furanni, suna kallon titi. Washegari a layin burodi aka tambayi Gizela wa ya jiƙa shuɗiyar. Tagar ɗakinta na sama kuwa rumfar itacen Vilma take kallo, ba abin da ke ɓoye mata. Gizela ta karɓi burodinta, ta sa a jaka.

"Wani ne," ta ce. "Ba ku san shi ba."